Yadda Na Kama Wuri a Jirgin Turawa

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Na yi shekaru ina jan kamiyon siminti daga Malbaza zuwa Agadas da Damagaram, na kwana ƙarƙashin mota, na yi faci cikin rana tsaka, amma ban taɓa komowa gida da ciwon ƙugu irin wanga ba. Tun da na sauka kuma ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tare ni, wurin mai shayi a tare ni, har masu kabu-kabun bakin kasuwar Konni sai su kashe mashin su ce, "Baba Illa, wai gaskiya ne polis sun kama ka a Faransa?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na rubuta. Bokona na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa, kada ya zo mini gida.

Autata Rabi ita ce sanadi. Tana aure a Marsay, wani gari na bakin teku can ƙasan Faransa, mijinta Mustafa ɗan Konni ne. Da cikin fari ya tsufa munka nemi biza ni da uwarta. Anka ba ni, anka hana ta, ba su faɗi dalili ba. Ana cikin shiri sai haihuwa ta zo da wuri, namiji. Rabi ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, dangin Mustafa sun cika gidan. Babansa na nan tun watan jiya, ga gwaggonsa, ga 'yan uwansa. Ni ba ni da kowa. In ba ka zo ba, haka za a raɗa wa ɗana suna babu mai jinina ko ɗaya a ɗakin."

Na ce mata ko da ƙafa ne zan zo.

Sai na ji an karɓe wayar. Alhaji Mamman ne, uban mijin nata, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan. Mun san juna tun yana tsayar da motata a shinge yana leƙa ƙarƙashin tampol.

"Direba, suna ranar Asabar ne da hantsi. Na san ku, in kunka ce gobe to jibi ne. In ba za ka samu ba ka faɗa, mu za mu tsaya mata."

Na ce, "Alhaji, in mun makara ai ku ke tsare mu a hanya."

Uwar Rabi ta cika mini jakar bakko har zip yana kuka. Zannuwan goyo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yajin jego, da kilishi ƙunshi guda. Ta ɗaure ta da igiyar roba ta ce in na bari wani abu ya ɓata kada in dawo.

A tashar Konni na yi yadda kowa ke yi. Na aza sallayata bisa kujerar gefen taga, na fita na sha koko, na gaisa da mutane, na yi rigima da wani kamasho kan tsohuwar magana, na dawo na tarar da wurina yana jirana, mota ma tana jirana. Wani soja da anka ba hutu ya zauna kusa da ni. Tun kafin Dogon Dutsi ya aza kai bisa kafaɗata, bai farka ba sai Doso, ya sayi ƙwai ya ci shi kaɗai, ya koma inda ya tashi. Haka munka shiga Yamai, kafaɗata ta mutu.

Jirgin sama ba ni da abin faɗi a kansa. An ɗaure ni da bel, an ba ni abinci a ɗan kwano kamar na maras lafiya. Tiken da Mustafa ya samu mai sauƙi ba Marsay yake sauka ba, Buruksal ne, ƙasar Beljik, ranar Alhamis. A can mai duba fasfo ya dube ni ya dubi hoto, ya sake dubana, kamar ni na ce hoton ya fi ni ƙuruciya. Na wuce shi sai ga duwan ɗinsu. Ya buɗe jaka, ya shinshina daddawa ya kau da kai, ya ɗaga ƙunshin kilishi ya ce nama ba ya shiga. Da ɗan faransancina na tasha na tambaye shi, in yana cikin cikina fa? Ya ce wannan ba ruwansa. Na tsaya nan gabansa na ci iyakar abin da haƙorana za su iya. Na miƙa masa ya ƙi. Sauran ya jefa a kwandon shara ina kallo. Wannan dai Allah ya isa.

Sanusi ne ya tarbe ni, ɗan Tsarnawa, tsohon yaron motata. Yanzu ya yi tumbi, ya yi furfura, yana raba kaya da wata farar mota. Ya durƙusa a filin jirgi ya gaishe ni, Turawa suna ratsa mu. Gidansa ɗaki biyu ne can sama, in ka miƙe ƙafa ka taɓa firij. A matakala munka gamu da maƙwabcinsa, na yi masa sannu har da tambayar iyali, mutumin ya manne da bango kamar zan ƙwace masa wani abu. Sanusi ya ce sun yi shekara da shekaru ƙofa da ƙofa, bai san sunansa ba. Matarsa ta yi mini tuwo da wani farin gari nasu, miyar ta yi daɗi, tuwon kuwa ba ya zama a ciki.

Bayan mun ci ya fiddo takardar da Mustafa ya aiko. Fas suke ce mata. Tike ne guda, an biya shi tun daga farko, ka shiga jirgin ƙasa duk wanda kake so, ƙasa bayan ƙasa, har kwanakinsa su ƙare. Na ce wannan abu ya yi.

"Gobe da safe akwai mai gudu, Maigida," in ji Sanusi. "Daga nan har Marsay ba sauka. Ka karya a nan, ka yi azahar a can. Sai dai a biya kuɗin kujera."

"Kuɗin mi?"

"Kujera. Wurin zama."

"Wanga fas ɗin na mene ne?"

"Na shiga jirgi ne."

"To in na shiga, bisa kaina zan zauna?"

Ya yi dariya ya ce haka dokar take, masu gudu sai an kama wuri an biya, kuma Mustafa ya riga ya turo kuɗin.

Ku da kunka san ni kun san ba kuɗin ne sunka dame ni ba. Ni direba ne. Na san wannan aiki ciki da waje. Baƙo ya zo tasha da takalmi mai tsabta, ya biya kuɗin mota, sai kamasho ya matso ya ce masa gidan gaba daban ne, gefen taga ma da ɗan abin da ake sawa. Ɗan gari ba a yi masa haka, baƙo ake yi wa. Ni da na ga ana yi tun ina yaron mota, a ce na tsufa na zo ƙasar wasu a yi mini?

Na ce, "Sanusi, kai ma sun maishe ka fasinja. Duk jiragen ƙasar nan sai an sayi kujera?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce a'a, akwai ƙanana masu tsayawa gari-gari, su da fas kawai ake shiga, ka zauna inda ka samu. Amma sai an yi ta sauka ana sakewa. Luksambur, Nansi, Dijon, Liyon, kana Marsay. In an fita da asuba kuma komi ya tafi daidai, a isa bayan isha'i.

"To ka gani. Suna sai Asabar."

"Maigida, in ka kuskure guda ɗaya, sauran duk sun zube."

"Ni na koya maka hanya ko kai ka koya mini?"

Matarsa daga kicin ta ce, "Baba, don Allah ka biya." Na yi kamar ban ji ba.

Ranar Juma'a da sassafe ya sa ni a jirgin farko yana ta maimaita mini sunayen garuruwan kamar mai biya allo. Gaskiya da farko na ji daɗina. Mai duba tike ya zo da hularsa, na miƙa fas, ya duba, ya ce mini mersi, ya wuce. Ko dala bai nema ba. Na gyara zama na ce a raina, kun ga ɗan gari.

Abin da ya dame ni shirun. Jirgi cike da mutane, ba mai tari. Ba mai cin rake, ba mai sayar da maganin basir, ba wanda ya tambayi wani ina za shi. Wata tsohuwa ce gabana da ɗan kare cikin kwando, an sa masa riga. Ita kaɗai ta kula ni. Ta tambayi ƙasarmu, na faɗa, ta ce ƙanenta ya taɓa aiki a Afirka, ta faɗi wata ƙasa da ke nesa da mu kamar Makka, ta ce ko na san shi. Na ce ina jin na taɓa ganinsa. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ba ni biskit. Da na ga ta ba karen irinsa sai na sa nawa a aljihu.

Daga Luksambur munka shiga Faransa ban sani ba. Wani baƙin mutum ɗan Kwango da ke kusa da ni ya ce ai mun ƙetare tun ɗazu. Na ce ina shingen? Ina jandarma, ina duwan? Ya ce babu. Na yi ta dariya ni kaɗai har mutane sunka waiwayo. Alhaji Mamman na tuna. Da nan anka turo shi aiki, da bai gina bene ba.

A Nansi abin ya faru. Na sauka wajen azahar, na nuna wa wani mai rigar aiki sunan Dijon, ya nuna mini jirgi yana tsaye, ƙofofi buɗe. Na shiga. Ko kashi ɗaya cikin huɗu bai cika ba, kujeru fayau. Na zaɓi mai kyau gefen taga, nesa da bayi, na aza jakata a kai, na danna ta sosai yadda kowa zai san da mai wuri. Na ce to, Juma'a ta wuce ni, azahar ba za ta wuce ni ba. Motar da ba ta cika ba ina za ta? Na ɗauki sallaya da gorar ruwa na sauka, na tafi can ƙarshen dakali inda ba mutane, na yi alwala, na duba rana na kabbara.

Ina raka'a ta biyu na ji wani ɗan ƙara, fit, kamar na usur. Ina ruku'u na ga ƙafafun jirgi suna juyawa ta gefen idona. Ba oda, ba yaron mota mai buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya, ba wanda ya leƙo ya ce ina mai jakar nan. Ya tafi abinsa da iska a ciki. Ban yanke salla ba, amma kada ku tambaye ni abin da na karanta.

Fas da fasfo suna aljihun ƙirjina, nan Allah ya taimake ni. Da na sallame ban ma tashi hankali sosai ba. A sanina kaya ba su ɓata a tasha. Mota ta isa, a sauke, a ajiye a rumfar kamasho, mai shi ya zo ya faɗi abin da ke ciki ya ɗauka. Don haka ban gaya wa kowa ba. Na sayi burodi mai tsawo kamar sanda, mai yanka dasashi, na zauna jiran na gaba. Na gaban bai zo ba sai bayan la'asar. Na lissafa na ga in na yi sauri a Dijon, zan iya samun na Liyon.

Muna dab da Dijon jirgi ya tsaya cikin gonaki. Ya daɗe. Anka yi magana a lasifika, Turawan nan marasa tari duk sunka fara tsaki suna buga waya. Na tambayi wani mai jakar buro, irin ta 'yan ofis, da ke gefena. Ya ce wani ne ya bar kaya a jirgi ba mai su, an rufe rabin tasha, an kira polis, ana tsoron bam ne.

Na ce, "Kai! Mutane ba su da tsoron Allah."

Ya ce wawaye dai, kullum sai an samu wani wawa.

Na ce ƙwarai kuwa, irinsu ɗauri ya kamace su. Ina da suna gobe, ga shi wani ɗan banza zai makarar da ni.

Da anka bar mu munka shiga, can gefe anka sauke mu. Na hangi an ja jan kirtani an zagaye wani dakali, polis tsaye, jama'a cirko-cirko. A tsakiya, ita kaɗai a ƙasa kamar amarya, jakar bakko ce mai ratsin ja da shuɗi, da igiyar robar uwar Rabi.

Na tsaya. Mai jakar buro ya dube ni, ya dubi inda nake kallo, ya sake dubana. Ya matsa.

Wallahi na yi tunanin in wuce kamar ban san ta ba. Sai na tuna yajin jego, na tuna wadda ta daka shi. Na ɗaga hannu na ce, "Tawa ce."

Buron polis ba taga. Sunka zazzage jakar bisa tebur. Karen da sunka kawo ya riga ya sa hanci cikin yaji, yana gefe yana atishawa, mai riƙe da shi yana hararata. Wata mace ce babbarsu. Ta ɗaga kanwa da yatsu biyu ta ce wannan fa? Na ce ta kunu ce. Ta ɗaga daddawa, ta ajiye da sauri. Akwai wani a cikinsu Balarabe, ɗan Aljeriya, shi ya yi mini sallama ya zauna yana sassauta mini faransancin.

"Alhaji, me ya sa ka bar jaka ka sauka?"

"Wuri na kama."

"Wane wuri? Wannan jirgin ba a kama wuri."

"Shi ya sa na kama da kaina."

Ya fassara mata. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Amma bai hana ta rubuta mini tara ba. Nawa ne, ba zan faɗa ba, ko uwar Rabi ba ta sani ba. Abin da zan ce kawai, da kujeru na saya da kuɗin, da na zauna a ɗaya na miƙe ƙafa a sauran.

Kafin su sake ni magariba ta yi, na Liyon mai haɗa ni da Marsay ya tafi. Balaraben ya raka ni wani ɗan otal bayan tasha. Ɗakin kamar akwatin kayan aiki, gadon laushi har ƙugu ya nutse, bayin ba buta. Na ci shinkafa da nama wurin wani Baturke da ya rantse mini halal ne. Kana na kira Rabi.

"Baba kana ina? Sanusi ya ce tun asuba ka fito."

"Ina Dijon. An ɗan samu matsalar hanya."

Ina jin hayaniyar mata a bayanta, da kukan jariri, da muryar Alhaji Mamman yana tambaya wai Direba ne? A ce masa kada ya damu.

"Liman zai zo da hantsi, yana da ɗaurin aure bayan nan, ba zai jira ba," ta ce. "Baba, ka ce mini ko da ƙafa."

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe wayar.

Washegari tun kafin a buɗe tagar sayar da tike ina tsaye a wurin, jakata a ɗaure da hannuna. Na tambayi yarinyar da ke ciki ƙananan jirage. Ta ce sai bayan azahar zan isa. Na ce mai gudu fa? Ta ce akwai wanda zai tashi yanzu, saura wuri kaɗan, sai dai a biya kuɗin kujera. Ta faɗe shi a hankali, wai ko ban gane ba. Na ce na gane, 'yata, na fi ki ganewa. Na biya.

Gudun jirgin nan ba na Musulmi ba ne. Itatuwa ba ka ganinsu, sai dai ka ji labari. Na rungume jaka bisa cinya tun daga Dijon har teku, ko bayi ban je ba. Duk da haka hantsi ya ɗaga sosai kafin taksi ya ajiye ni ƙofar gidan. Na hau matakala da rigar da na kwana da ita, ina haki.

Falon cike, maza a zaune bisa darduma, dabino da goro a faranti ba a taɓa ba. Liman yana duban agogo. Alhaji Mamman cikin babbar riga mai aiki, fuska a murtuke, ya ce, "Direba, ka iso? Mu dai tun safe muke nan. Ɗiyarka ta ce ba a raɗa suna sai an gama yi wa yaro wanka. An yi, ta ce ruwan bai yi zafi ba. An sake, ta ce sabulun ba shi ba ne. Yanzu kuma wai ya ɓata jikinsa. Ni ban taɓa ganin jariri mai dauɗa irin jikanka ba."

Na ce, "Wajen uba ya ɗauko."

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Rabi ta fito da shi naɗe cikin tawul, idanunta sun kumbura, gwaggon mijin na bayanta tana ta faɗa. Ba ta gaishe ni ba. Ta ratsa mazan nan duka ta zo ta tsaya gabana.

"Baba, ajiye jakar nan ka karɓe shi. Yaron ga ya sha ruwa yau har yatsunsa sun yi tamoji. Malam, bisimilla, ga ubana ya zo."

Na kwance igiyar daga hannuna na karɓe shi. Yana ƙamshin sabulu, yana barcin gajiya. Liman ya gyara murya.